Aron Iƙama

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar Talata, ba a daɗe da saukowa daga sallar La'asar ba. Na san lokacin daidai domin agogon bango yana saitin inda nake zama, kuma ni mutum ne mai duba agogo kafin ya yi abu. Mu huɗu ne a gidana da ke Madain Fahd. Akwai ni. Akwai maiɗakina, tana bayan labule tana jin komai. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da duk unguwa ke kira Kawu, ko da yake ba kawun kowa ba ne. Na huɗu shi ne mutumin da muke kira Mai Asuwaki. Yana zaune a kan darduma ya jingina da bango, gumi yana ɗiga daga haɓarsa duk da mukayyif yana hura sanyi.

Kawu ne ya kawo shi, kuma Kawu ne ya yi maganar.

"Aron takarda muka zo," in ji shi. "Awa biyu kacal. A yi masa allura, a ba shi magani, kafin Magariba tana hannunka."

Dole in tsaya in yi bayani, domin wanda bai zauna Jidda a wancan lokaci ba ba zai gane ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, a lokacin ba kati ba ce kamar yanzu. Ɗan littafi ne kore, da ƙaramin hoto a ciki wanda hatimi ya cinye rabinsa. Ba a fara ɗaukar hoton yatsa ba. Wanda ba shi da ita yana tsoron asibiti fiye da yadda yake tsoron ciwo, domin yana ganin daga gadon jinya za a wuce da shi tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Shi ya sa mutanenmu suka ƙirƙiro aro. Mai takarda ya ba mara takarda, ya je ya ga likita da sunan wani, ya dawo da ita. Abin yana tafiya ne saboda dalili ɗaya: ba a cika kallon fuskarmu ba. A kalli launi, a kalli hatimi, shi ke nan.

Aron yana da ƙa'idoji, kuma kowa ya san su. Na ɗaya, shekarun mai aro da na mai takarda su yi kusa. Na biyu, mai takarda ba ya taka ko ƙofar gida sai ta dawo. Na uku, ɗan rakiya ba ya shiga, a waje yake tsayawa. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ba a ba da aro sai ga ciwon da zai dawo gida da ƙafarsa.

Ni ban taɓa bayarwa ba, kuma an san ni da haka. Shekara goma sha tara ina riƙe da sito a wani kanti mai sayar da kayan gyaran mota a Bagdadiyya, iƙamata ba ta taɓa kwana ɗaya a mace ba. Ba ni kaɗai take ɗauke da shi ba. Maiɗakina da 'ya'yana mata uku duk a kanta suke rataye, zamansu da makarantarsu. A takarda ni ɗan Sudan ne. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai zo hajji, ya tsaya Sudan ya yi noma don ya sami guzuri, can ya rasu. Mahaifina ne ya ƙarasa tafiyar, ya haye teku da ni ina ɗan shekara shida. Abin da nake tunawa na Sudan bai wuce wata bishiya da ƙurar tashar mota ba. 'Ya'yana kuwa haihuwar nan ne, in ka yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa. In aka kore mu, ba ni da ƙofa ɗaya da zan ƙwanƙwasa a duniya.

Mai Asuwaki ya zo umra ne bai koma ba. Yana sayar da asuwaki a ƙofar wani masallaci a Ruwais, a kan wani ƙyalle da ya zura wa igiya a gefe, yadda in an ce ga masu kame sai ya fizge ta, kayan su koma ƙunshi, ya bi lungu. Kawu ne ya fara jawo shi gidana wata Juma'a, daga nan kuma kowace Juma'a a nan yake cin abincin rana, har shekara biyu. Ban san sunansa ba. Ban san garinsu ba. Wanda ke gida zai yi mamaki, amma a unguwarmu ba a tambayar mara takarda waɗannan biyun. Abin da ba ka sani ba, ba za a matse shi daga bakinka ba. Mai yawan tambaya kuwa ɗan rahoto ake ɗaukarsa. Abin da muka sani kaɗan ne, shi ma ba da gangan ya faɗa ba. Ranar da ya ji kakana Bakatsine ne ya ajiye cokali ya ce, "Ashe bawana ne ke ciyar da ni, ni ina ta godiya a banza." Kawu ya yi dariya ya ce, "To, Bakabe ne." Kuma ba ya ganin albasa a miya bai faɗi aibinta ba, wai an cire ta ba ta ƙosa ba, ko an cika mata ruwa.

A ranar nan ta Talata na yi masa tambaya uku, bi da bi.

"Yaushe ya fara?"

"Jiya-jiya."

"Ina ke ciwo?"

"Ɗan ƙirji ne. Rana ce ta buge ni."

"Yanzu yaya kake ji?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

A nan kuskuren yake, kuma nawa ne. Bahaushe ko ana karanta masa Yasin, in ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Na san haka. Mahaifina ya faɗa mini wannan maganar awa ɗaya kafin ya cika. Mutumin da ya yi shekara biyu bai taɓa roƙon komai ba, ranar da ya yarda a kawo shi aron takarda, ya kamata in san ciwon ya wuce allura. Ina da ido, na ga launin leɓensa. Amma na karɓi amsar domin ita ce ta cika mini ƙa'ida ta huɗu.

Duk da haka ban miƙe nan da nan ba. Maiɗakina ce ta yi magana daga bayan labule.

"Baban yara, mutum yana cin tuwonka shekara biyu, ka tsare shi da tambayar kabari? Ka ba shi mana."

"Ba da ke ake magana ba."

"Ai da ni ake. Sunana yana ciki."

Kawu ya ce, "Ka ji mai gidan ta yi magana."

Na tashi na buɗe akwati na ɗauko ɗan littafin. Na zaunar da Mai Asuwaki na karanta masa sunana, da na mahaifina, da na kakana, da na kafilina, wato mai kantin da ya tsaya mini a iƙama, da sunan kantin. Ya maimaita. Na sa ya sake, har sau uku. Na dubi rigarsa na ga ba ta yi kama da ta mai aikin sito ba, na ba shi jallabiyata fara ya sa. Ta yi masa gajarta, domin ya fi ni tsawo.

"Yau Bakabe ya koma Bakatsine," in ji shi. "Kawu, don Allah kada labarin nan ya je gida. Cewa za su yi na lalace a ƙasa mai tsarki."

Dariyar ta ƙare masa da tari, ya dafe ƙirji. Ƙarfe biyar saura kwata suka fita neman tasi.

Ƙarfe shida da minti goma Kawu ya dawo shi kaɗai. Bai zauna ba. Ya ce ya tsaya a tsallaken titi kamar yadda ake yi, gaban wani shagon lemo. Bayan rabin awa motar asibiti ta zo, aka fito da mutum a kan gado da roba a hanci, aka saka shi, aka tafi. Ya gane jallabiyar.

"Takardar fa?" Wannan ce maganar da ta fara fita daga bakina. Na rubuta ta a nan domin haka aka yi.

"Tana jikinsa," in ji Kawu.

Ranar Laraba na buga waya kanti na ce ba ni da lafiya. Ban je masallaci ba. Na rufe tagogi, na hana yara kunna talabijin in sun dawo daga makaranta. Kowace mota ta tsaya a layinmu sai in tsaya ina sauraron ƙofofinta: in ƙofa ɗaya aka rufe, maƙwabci ne, in uku ko huɗu aka rufe tare, to masu kame ne. Ban san na iya wannan lissafi ba sai ranar. Daga baya na gane abin da Mai Asuwaki yake yi ke nan kullum, safe da yamma, kuma da shi yake zuwa ya zauna a kan dardumata yana tsokanata.

Ba wanda zai iya zuwa cigiya. Ba mu san asibitin da aka kai shi ba, kuma ko mun sani, da wane suna za a tambaya? Da nawa. Wanda ya tambaya kuwa za a tambaye shi. Na zauna na jera abin a kaina. In ya warke ya fito, mun tsira. In ya ruɗe ya faɗi wani suna dabam, za su zo. In sun zo, kurkuku gare ni, daga nan tarhil, mu biyar. Abu na huɗu ban yarda na sa shi a jeri ba. Maiɗakina ta dafa abinci ba wanda ya ci. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba, kuma da ta yi magana da zan fi samun sauƙi, domin ina neman wanda zan yi wa faɗa.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma da minti biyar na safe, aka ƙwanƙwasa. Maiɗakina ta leƙa ta ramin ƙofa ta dawo a kan yatsun ƙafa.

"Ɗan ƙasa ne," in ji ta. "Tsoho, da farin rawani."

Na dubi matakalar da ke hawa saman bene. Ina da shekara arba'in da uku, ban taɓa gudu daga kowa ba, amma ƙafata ta riga ta juya. Sai mutumin ya ɗaga murya da Larabci, yana kiran mutanen gida, yana cewa Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya gafarta wa mamacinku. Na san muryar. Shekara goma sha tara ina jin ta. Kafilina ne.

Na buɗe ƙofa. Ya ja da baya har ya bugi bango, yana neman tsari da Allah. Sandarsa ta faɗi, ni na ɗauka na miƙa masa, bai karɓa ba sai da ya taɓa hannuna.

Wannan mutum bai taɓa zuwa gidana ba. Ya ce sai da ya tambayi mutum huɗu kafin ya gane layin. Makullan kantinsa duka a hannuna suke kwana. Rigimarsa da 'yan'uwansa, da ciwon da yake ɓoye wa 'ya'yansa, ni yake gaya wa in mun rage mu biyu a sito, domin ya san ba ni da majalisar da zan kai zancen. Amma na taɓa jin ya gaya wa wani baƙo ni ɗan Chadi ne, wata rana kuma ya ce ɗan Nijeriya. Bai taɓa tambaya ba. Ba na zarginsa. Ni ma akwai wanda ban tambaya ba.

Na shigar da shi, na zaunar da shi a inda Mai Asuwaki ya zauna, domin nan ne wurin baƙi. Da Larabci muka yi maganar.

"Daga asibiti aka kira ni da safe," in ji shi. "An ce ma'aikacina ya rasu jiya bayan Azahar. Zuciya. An ce in zo in sa hannu a rubuta takardar mutuwa. Na ce bari in fara ganin iyalinsa."

Haka na ji rasuwar Mai Asuwaki, a matsayin tawa. Na ji maiɗakina ta yi salati a bayan labule, ƙasa-ƙasa.

Na gaya masa komai daga farko, ban tsallake ba. Ya bari na gama, sannan ya fara faɗa.

"Kai? Kai da ba ka taɓa ɓatar mini da noti ɗaya ba? Da wani aka ce ya yi, da kai zan aika ka yi masa wa'azi."

Da ya huce sai ya ce in saurara da kyau. In ya sa hannu, na mutu a takarda, iƙama ta faɗi, matata da 'ya'yana ba su da zama, ni kuma ba ni da suna. In aka faɗi gaskiya, na san inda za ni, shi ma sai an tuhume shi.

"Saura hanya ɗaya. Ranar Litinin ta faɗi a kasuwa. Ka gaya mini, ni na yi sakaci ban kai rahoto ba, tsufa ne. Wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Halas, shi ke nan. Amma za su nuna maka shi, za su tambaye ka." Ya dube ni. "Wai ma wane ne?"

"Ban san sunansa ba."

"To ai ba ƙarya za ka yi ba. Yalla, sa riga."

A ƙofar ɗaki maiɗakina ta tare ni. Idonta ya yi ja. Da Hausa ta yi magana, ƙasa-ƙasa, don kada tsohon ya ji.

"In ka ce ka san shi, mun tafi."

"Na sani."

"In ka ce ba ka san shi ba, wa zai yi masa wanka? Wa zai bi shi?"

"Zaɓi ɗaya ki faɗa mini."

Sai ta ce, "Ni na ce ka ba shi." Ta kauce daga hanya.

A gaban mota na zauna, kusa da kafilina. A hanya muka tarar da shingen bincike. Na ƙanƙame gwiwoyina, aljihuna ba komai. Ɗan sandan ya dubi mai tuƙi, ya ɗaga hannu muka wuce. Ni bai dube ni ba.

Ƙarfe goma sha biyu saura minti ashirin muka shiga asibitin. Akwai ɗan sanda mai ofis a can, matashi, mai ladabi. Ya miƙe wa tsohon, ya sa aka kawo masa shayi. Kafilina ya ba da labarin kasuwa, ya zagi mantuwarsa, har ɗan sandan ya yi murmushi. Ni aka tambaye ni wace kasuwa, da wane lokaci, na amsa. Aka buɗe wata leda a kan tebur: ɗan littafina kore, da carbi, da guntun asuwaki, da jallabiyata an yanka ta daga wuya zuwa ƙasa. Ya riƙe hoton kusa da fuskata ya daɗe yana kallo. Ina jin wannan ne karo na farko da wani ya yi haka tun da aka manna shi.

Daga nan aka sauka da mu ɗakin sanyi. Wani ma'aikaci ya jawo durowar ƙarfe, ya yaye mayafi zuwa ƙirji. Fuskarsa ba ta canza ba. Bakinsa a ɗan buɗe, ana ganin wushiryarsa, kamar zai faɗi wata magana a kan Katsinawa. A wuyan hannunsa akwai zoben roba. Na karanta. Sunana ne, da na mahaifina, da na kakana.

"Ka san shi?" in ji ɗan sandan.

"Ban san shi ba."

"Duba da kyau. Irinku ne."

Na duba da kyau. Na ga tabon lauje a babban yatsansa na hagu, hannun da yake tallafe kwano da shi in maiɗakina ta aiko da ƙari.

"Muna da yawa," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya sa aka yanke zoben, aka ɗaura wani, ya rubuta kalma ɗaya a kai: majhul, wato wanda ba a san ko wane ne ba. "Ɓarawo ne ke nan," in ji shi, ba da ƙeta ba, kamar mai cike gurbi a takarda. "Allah ya yafe masa." Kafilina ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Ranar Asabar na koma aiki. Bayan ɗan lokaci aka ba ni sabuwar iƙama. Kafilina bai sake ta da maganar ba har ya rasu. 'Ya'yana suka gama makaranta, biyu sun yi aure a nan. Abin da na je karewa na kare shi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa da za a mayar da ni ɗakin nan na tabbata wata amsa zan bayar ba.

Kawu ne ya je ɗakin da Mai Asuwaki yake kwana da wasu mutum biyar, ya ɗauko ƙaramin akwatinsa na ƙarfe. Su ma ba su san sunansa ba. Sun ce fasfonsa yana hannun wanda ya kawo su tun ranar da suka sauka, shi kuma ba a sake ganinsa ba. A gabana aka buɗe akwatin. Riga biyu, da hula, da ƙyallen nan mai igiya. 'Yan kunne ƙanana na yarinya, a naɗe cikin auduga. A ƙasa kuma farin yadi, a ninke da kyau cikin leda. Kawu ya shinshina, ya ce, "Likkafani ne. Ya wanke shi da Zamzam." Ba takarda ko ɗaya.

Wata mata tamu mai shara a asibitin ta gaya wa Kawu ya yi watanni a ɗakin sanyi ana jiran mai nema, daga baya aka fita da shi tare da wasu. Na tabbata an yi masa wanka an yi masa salla, domin ƙasar Musulmi ce. Amma ba da yadinsa ba, kuma ba ɗayanmu a sahu. Ban san maƙabartar ba. Maiɗakina ta ci gaba da zuba kwanonsa kowace Juma'a tana bayarwa sadaka, har yau.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Allo ne, da 'yan azuzuwa, da abin da sito ya koya mini na ajiye kowane abu a gurbinsa. Amma na daɗe ina tunani a kan baƙo. A gida ana cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon da ya zo ya kwana ya wuce ke nan. Akwai wani iri, irinmu, wanda ya sauka bai wuce ba, bai kuma zama ɗan gari ba. Mu raɓarmu ta yi kaka da jika ba ta bushe ba, ƙasa kuma ba ta shanye ta ba. Irin wannan baƙo ana ba shi makulli, ana gaya masa asiri, ana zuwa ta'aziyyarsa da zuciya ɗaya, amma in an dube shi jinsi ake gani kafin a ga mutum. Wannan na daɗe da saninsa, kuma ina jin haushinsa. Abin da ban sani ba sai a ɗakin sanyin nan shi ne mu ma haka muke yi wa junanmu. Muna da matakala. Mai iƙama a sama, wanda tasa ta mutu a ƙarƙashinsa, wanda bai taɓa yi ba a can ƙasa. Ina ciyar da mutumin nan ina jin daɗin ni ne na sama. Na kira shi da sana'arsa shekara biyu, na ce don kare shi ne. Ranar da aka tambaye ni, rashin sanin nan ni ya kare.

Yanzu aro ya ƙare, yatsa ba ya aruwa. Kawu ya rasu. Ɗan kafilina ne ke riƙe da kantin, kowace shekara in lokacin sabunta iƙama ya zo sai in ga yana duban furfurata yana lissafi. Har yanzu in mota ta tsaya a layinmu ina ƙirga ƙofofi. Amma ba wannan ne tsoron da ya fi damuna ba. Akwai wata tsayuwa da ke gaba, inda ba kafili, ba labarin kasuwa. Ina tsoron a jawo ni a nuna masa, a ce, ka san shi?

Saboda haka ina roƙon wanda ya karanta wannan, musamman in kana da hanya a ƙasar Kabi. Ka tambaya ko akwai gidan da mutuminsu ya tafi umra shekaru da yawa, zamanin iƙamar littafi, bai dawo ba kuma labari ya yanke. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, da tabon lauje a babban yatsan hagu. Ya san noman albasa. Ya bar yarinya ƙarama, wadda yanzu ta isa ta zama uwa. In ka same su ka gaya musu abu uku, kada ka sauya jerin. Na ɗaya, ya rasu ranar Laraba bayan Azahar, a Jidda, a kan gadon asibiti, ba a titi ba. Na biyu, bai manta da su ba, 'yan kunnen suna nan. Na uku, ba ɓarawo ba ne, ni na ba shi da hannuna. Duk mai zuwa umra daga cikinsu ya shigo Madain Fahd ya tambayi Hausawa gidan da ake ajiye da akwatin Mai Asuwaki, za a nuna masa, na daina ɓoyewa. In kuma ba mai zuwa, don Allah ku aiko mini da sunansa.